Na'urar da Ke Jiran Wash

Hannuwan Lallausa guda shida suka sauka a bayan Inna Tabawa a hankali, suna laluben inda ya ɗaure. A Sabuwar Gusau ta shekarar 2094, inda motocin haya ke sauka a kan rufin gidaje, babu na'urar tausa irinta. Injiniya Sabi'u ne ya ƙera ta, shekara tara yana fama, ba don kowa ba sai don wannan tsohuwa, mahaifiyar matarsa Hindatu, wadda yake so kamar ita ta haife shi.

Ciwon Inna irin wanda garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi mai ita ne. Gaɓoɓi su kumbura, tantanin da ke naɗe da tsoka ya ƙandare. Ta daɗe tana sallah a kan kujera, ba ta da buri sai goshinta ya sake taɓa ƙasa. Aikin Lallausa shi ne ta danna tantanin, ta riƙe har ya saki. Amma jiki mai kumburi ba ya son ƙarfi, don haka na'urar na kallon fuska, tana sauraron nishi. Da an ce wash, sai ta sassauta.

To, ga inda gwani ya yi kwaɓa. Don ya kyauta, Sabi'u ya sa wa na'urar muryarsa, shi kuma ya zauna bayan labule da kwamfutarsa. Kwana biyar Inna ba ta ce uffan ba. Lallausa ta ɗauka jiki na so, kullum tana ƙara ƙarfi. A rana ta shida, ko kofi Inna ta kasa ɗagawa. Likita ta ce in aka sake haka, a manta da tausa, a manta da sujada.

Hankalin Sabi'u ya tashi matuƙa. Ya kwance na'urar kaf, bai ga matsala ba, abinci ma ya gagare shi. Hindatu ta same shi cikin wayoyi, ta yi dariya idonta da ƙwalla.

"Haba Baban Ummi, kai da iliminka. Inna ce za ta yi nishi surukinta yana ji? Ranar da ta haife ni ma, ungozoma ba ta ji muryarta ba."

Kunya ta rufe shi. Shekara goma sha bakwai da aurensu, Inna ba ta taɓa cin abinci a gabansa ba, ba ta taɓa kiran sunansa ba, amma duk lissafinsa bai sa wannan a ciki ba.

Ya goge muryarsa daga na'urar. Da kumburin ya sauka aka sake gwadawa, Hindatu ta zauna kusa da uwarta, shi kuwa ya fice har ƙofar gida. Can sai saƙonta ya shigo wayarsa, wai Inna ta zagi na'urarsa har sau uku. Bai taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

Haka ya yi wata huɗu, kullum da hantsi yana tsaye a ƙofar gidansa kamar baƙo. Wata Alhamis Hindatu ta fito ko takalmi babu, ta ce Inna ta yi sujada, har ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Ta ce in gaya wa mutumin nan Allah ya yi masa albarka."

Ya ce amin. Abin da ya yi shekara tara yana son gani ya faru, kuma ya faru ne don ba ya wurin.