Hannun Naja'atu

Dab da magariba, Naja'atu ce kaɗai ta rage a ɗakin gwaje-gwajen wata kwaleji a bayan Gwarzo. Aikinta, in ka ji sai ka ce ƙarya nake. Zaren halittar nan da 'yan boko ke kira DNA take naɗewa ya zama 'yan akwatuna, ƙanana, ƙwayar gero ma dutse ce a wajensu. Ta haska musu hasken shunayya su buɗe, ta haska shuɗi su rufe, na'ura ta ɗau hotonsu.

Mai ya yi tsada, janareto awa ɗaya ake ba ta. Shi ya sa a risho ta tafasa ruwan ɗumama zaren. Da ta gama, ta watsar da sauran ta taga, yana tururi.

Baba Jibirin mai gadi, da ke waje kusa da tagar, ya ajiye butarsa.

"Malama, kin yi bisimilla?"

"Baba, ai su ma sun san sauri nake."

"Da magariba? Yanzu mutanen ɓoye suke fitowa da 'ya'yansu."

Ta yi dariya, ta koma gaban na'ura.

Sai ƙauri, kamar ana babbaka kan akuya.

A fuskar kwamfuta akwatunan suka fara buɗewa. Ba ta taɓa komai ba. Suka taru, suka jeru, suka zama hoto: ɗan hannun jariri, duk ya saluɓe.

Janareto ya mutu. Hoton bai mutu ba.

A bayan kunnenta wata mace ta yi raɗa.

"Buɗe."

Hannunta na dama, wanda ya watsa ruwan, ya buɗe da kansa.

"Rufe."

Ya dunƙule. Farce ya shiga tsoka.

"Buɗe."

Yatsu suka lanƙwashe baya. Ƙas.

Ihunta ya shigo da Baba Jibirin. Ya ja gefen hijabinta yana karatu har bakin titi, ya tsayar mata da motar Kabo, garinsu.

An yi ruƙiyya, an je asibiti. Ƙashi ya haɗe, hannu bai dawo nata ba. Haske na taɓa shi sai ya dunƙule. Sai a duhu yake buɗewa, a hankali, yana jijjiga kamar mai rarrashin yaro.

Yanzu da hagu take cin abinci. A gidansu ba mai yi mata faɗa.