Leɓen Fiffike da Rimin Bakin Fili

A wani gari can bayan kogi, an yi wani mai walda da ya ƙera ɗan jirgin sama. Filin tashinsa gajere ne, ga ƙaton rimi a ƙarshensa.

Wani tsohon matuƙi ya nuna masa leɓen da ke bayan kowane fiffike, ya ce, "Ɗana, sauke shi kaɗan kafin ka tashi. Zai rage maka gudu, amma shi ke riƙe da kai. In ka ɗage shi kafin ka wuce rimi, ƙasa za ka yi."

Ranar da ruwa ya cinye gadar kogin, matar mai walda na kan gwiwa, asibiti kuwa yana ƙetare. Ya sa ta a jirgi, ya sauke leɓe kaɗan, suka tashi.

Jirgi na jan jiki, rimi na matsowa. Hannunsa ya kai kan sandar leɓe. Zuciya ta ce masa, "Ɗage, ka sami gudu." Rimi na matsowa.

Matar ta ce, "Maigida, rimi."

Ya janye hannun, ya danne shi a cinya. Reshe ya shafi taya, suka wuce.

Ganyen da ya maƙale a tayar, har yau yana rataye a ɗakin 'yar da aka haifa musu ran nan.