Allin da Aka Shafa wa Jar Jaka

A filin jirgin ana cewa Biro bai taɓa fasa kwaɗo ba. Tsinin biro yake cusawa cikin zif, jakar matafiyi ta wangale, ya ɗebi rabonsa, ya ja zif ya rufe. Masu lodi suna cewa hannunsa ido gare shi. Haka ake faɗa, har ya jawo ƙaninsa Wuta cikin harkar.

Yanzu kowa sai Wuta.

"Biro, hannunka ya fara rawa," in ji Oga, shugabansu, a bayan sito. "Koma bakin bel ɗin da kaya ke bi. Jakar da ka ji da nauyin arziki, shafa mata alli. Wuta, karɓi ƙarfe."

Wuta ya soke bindigar a ƙugu yana dariya. "Yaya, huta mana. Tsufa ba laifi ba ne!"

Aka kwashe da dariya. Biro ma ya yi, amma iyakarta haƙora. Shi ya koya wa yaron nan ɗaura tazuge.

Washegari ya tura amalanken kaya ofishin kamfanin jirgin, ya tarar da wata hajiya tana zuba ruwan bala'i.

"Gwal ɗin 'yata aka kwashe!"

"Hajiya, diyyar kaya da kilo muke auna ta," in ji ma'aikacin.

"Kilo? Gawayi na ba ku ajiya? Wallahi nan zan zauna, kowane fasinja sai ya ji!"

Manajan ofishin ya gaji. Ya ja wani ɗan sanda mai farin kaya gefe, suka yi ƙus-ƙus. Wa ke kula da mai tura amalanke? Biro ya ji komai: gobe za a sako jar jaka a tarko, 'yan sanda na biye da ita.

Kalma ɗaya ta isa ya ceci kowa. Ya haɗiye ta. A kama Wuta, ya ɗanɗana kurkuku, Oga ya san waye gwani. Iyakar abin da ya hango ke nan.

Da rana tsaka jar jakar ta biyo bel. Ya shafa mata alli.

Motar jan kaya ta karya kwanar sito. Wuta ya diro gabanta.

"Kashe ta! Kwanta — kwanta na ce!"

Direba ya kife. Wuta ya fizgo jaka mai allin, ya farke zif. Tsummokara!

"Oga, an sayar da mu!"

"Kar wanda ya motsa!"

'Yan sanda ta ko'ina. Oga ya faɗa mota ya fece, ko waiwaye bai yi ba. Wuta ya zuba da gudu, bindiga a hannu —

Tau! Tau!

Biro na bakin bel ya ji ƙarar. Allin ya murƙushe a tafinsa.

A ƙofar fita aka damƙe Oga. Biyu daga cikin yaransa suka mutu. Shi Biro ba wanda ya ko kalle shi.

A asibiti ya tarar an yanke wa Wuta ƙafa daga gwiwa, hannunsa ɗaure da ankwa a jikin gado. Ɗan sanda na zaune bakin ƙofa. Innarsu na yi masa fifita, idonta ya kumbura.

"Yaya," in ji Wuta da ƙyar, ya ja shi kusa. "Sun matsa mini in faɗi mai shafa allin. Ban faɗa ba. Ka kula da Inna."

Biro ya dubi wurin da bargo ya lotsa. Ya durƙusa gaban gadon. Bai rage murya ba, har ɗan sandan ya miƙe.

"Na san tarko ne, na shafa wa jakar alli. Baƙin ciki nake yi da kai. Ƙanina, ka yafe mini."