Lakar Tsakiya

A wani zamani, a wani gari na bakin teku, an yi wani masani wanda ya tsufa yana koyar da cewa ruwan tekun bai taɓa yin ɗumi ba. Da wannan magana aka san shi, saboda ita ɗalibai suke zuwa wurinsa.

Wata rana ya shiga jirgi, shi da matuƙi, suka zura dogon bututu har ƙasan teku, suka jawo laka. Lakar ta kwanta hawa-hawa, ta ƙasa ta girmi ta sama, kuma ɓawon ƙananan halittun da ke cikinta yakan nuna irin ruwan da suka rayu a ciki.

Ya duba ta sama, ya ce, "Ruwan sanyi, kamar yadda na faɗa."

Ya duba ta ƙasa, ya ce, "Ruwan sanyi, kamar yadda na faɗa."

Ya duba ta tsakiya, sai ya sake dubawa. Cike take da ɓawon halittun ruwan ɗumi.

Matuƙi ya ce, "Allah gafarta Malam, daga ni sai kai sai kifi. Miƙo ta in mayar da ita inda ta fito."

Masanin ya daɗe yana riƙe da ita a bakin jirgi. Sannan ya ajiye ta a mazauninta cikin jirgin, tsakanin ta sama da ta ƙasa.

Da suka koma gari, ya tara ɗalibai ya ce, "Abin da na koya muku, laka ta ƙaryata shi."

Da yawa suka tashi, ba su sake dawowa ba. Ya turo wa waɗanda suka rage lakar, ya ce, "Ku fara da ta tsakiya."