Littafin Da Falalu Ya Jefa A Tur'a

Dutsen farko ya faɗo ana alwalar magariba a gidan Falalu, cikin wani ƙauyen Hausawa da ke gefen Wad Haddad. Ya sauka kan rufin kwano, ƙarar ta daɗe ba ta mutu ba. Matarsa Sakina tana bakin murhu tana yin kisra, siririyar wainar dawa, ta ɗaga kai ta zagi 'ya'yan maƙwabta. Na biyu ya faɗo gabanta. Da ta ɗauka sai ta gan shi jiƙe, da gansakuka a jiki, irin na tur'a, magudanar da ke shayar da gonakin auduga. Ba ta sake zagin kowa ba.

Ga abin da ya jawo. 'Yarsu Raihana, shekara sha shida, in ta bi ubanta zuwa birnin Madani sayar da kuɓewa, sai ta sulale zuwa wani shagon littattafai. Can ta samo wasu labarai na Larabci da ake rubuta wa samari da 'yan mata, littafi uku a jere, na wata yarinya da ta shiga birnin ƙarƙashin rairayi don ƙwato inuwar ƙanenta. Kullum bayan la'asar tana zama gindin rumfa ta karanta wa kakarta Zamzam, makauniya, tana mayar mata da shi Hausa.

Sai jarrabawa ta fito, Raihana ta faɗi. Shi kuwa Falalu, Allah ya zuba masa zuciya bai haɗa masa da tunani ba. Ya fizge littafi na ukun daga hannunta, ana tsakiyar jimla, ya tafi ya wurga shi tur'a.

"Ɗan nan, ko ƙarshen ba za ka bari mu ji ba?" in ji tsohuwa.

"Inna, ƙarya ce fa aka yi wa bango!"

Kwana huɗu ana jifa, kullum daidai faɗuwar rana. Kaji suka daina shiga akurki. A na biyar Raihana ta zauna gindin rumfar, ta miƙe ƙafa kamar tsohuwa, ta ƙi ci, ta ƙi magana. Idonta a buɗe, amma ba kowa take gani ba.

Aka ɗauko Faki Abdussalami, malami mai ruƙiyya, daga garin Dindir. Ya zauna nesa kaɗan, ya yi ta karatu har inuwar katanga ta rufe tsakar gida. Sannan bakin yarinyar ya motsa, muryar da ta fito kuwa busasshiya ce, da irin Hausar da ko Zamzam rabonta da ji tun tana goye.

"Ɗan malam, bar ƙona ni. Mi na yi maka?"

"Wace ce ke? Me kike nema jikin 'yar mutane?"

"Da kakanninsu niz zo daga yamma, hanyar hajji. Sun zamna, na zamna. Yanzu ɗiyansu sai Larabci, ni ko ban jin shi. Shekaru nawa ba wanda ya ba ni labari. Ɗiyag ga ta hwara, an kai ƙohwa ta bakwai, wancan sakarai ya yashe min shi ruwa. Ban hita sai na ji ƙarshe."

Falalu ya sunkuyar da kai. Faki ya roƙi kwana uku a nemo littafin, aljanar ta ba da.

To, ku zo ku ga wahala. Mutumin da bai taɓa leƙa shagon littattafai ba, ga shi yana yawo da sunan littafi a guntun takarda. A Madani ya tarar shagon ya koma na cajin waya. A Rufa'a mai shago ya ce akwai na ɗaya da na biyu, na ukun bai zo ba tun kafin yaƙi. A Sinnar wani ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Ya hajj, da furfurarka?" ya miƙo masa littafin lissafi. Saura kaɗan su yi dambe. Ya dawo rana ta uku, ƙafa a kumbure, hannu wayam. Raihana kuwa ta rame har zobe ya zame daga yatsarta.

Magariba ta yi. Ba iska, ba kukan tsuntsu.

"Ina littahi?"

"Ba a samu ba," in ji faki.

"To ni tahi da ita. Can ta gama min."

Sakina ta kurma ihu. Faki bai ko waiwaya ba.

"Kin tsufa, amma kin yi wauta," ya ce. "Ke kin iya karatu? Ko an samo, wa zai mayar miki Hausa? Bakin da kike jira, kin zauna a kansa. Sauka ki koma gefe, kamar kowane mai sauraro."

Busasshiyar muryar ta sassauta.

"In ta gama ni tahi. Amma wancan shi zamna shi ji, hal ƙarshe. In ya tashi, na komo."

"Na zauna," in ji Falalu, ya durƙushe a ƙasa.

Raihana ta yi atishawa uku, ta faɗi jikin uwarta. Aka ba ta ruwa, faki ya gaya mata abin da ake ciki. Ta dubi uban. Sannan ta fara: yadda yarinyar littafin ta buɗe ƙofa ta bakwai, ta tarar da inuwoyi rataye kamar shanya, ta gane ta ƙanenta saboda ɗingishinsa. Ba wanda ya motsa har aka kira isha. Da ta ce ya ƙare, tabarmar da ke gefen Zamzam, wadda ba kowa a kai, ta yi ƙara kamar an tashi. Ƙyauren gida ya buɗe, ya rufe. Ba a sake jifa a gidan ba.

Falalu ya matso kusa da Raihana.

"Ashe kin riga kin karanta ƙarshen?"

"Ban karanta ba, Baba. Tsarawa na yi, ina faɗa ina addu'a kar ta gane."

"To na gaskiyar, yaya ya ƙare? Ta samo inuwar?"

Raihana ta gyara kwanciya jikin uwarta.

"Sai ka tambayi tur'a."