Shanun Huɗar Zaituna

Da hantsi ne, Zaituna na tsakar gidansu a Kurfi tana tankaɗen garin dawa, sai mijinta Badamasi ya shigo da takarda a ninke, kai a sunkuye. Wansa Garba, shugaban gandun gidan, yana biye da shi yana sakace haƙori.

"Miƙa mata mana! Ko sai na riƙe maka hannun?" in ji Garba.

Badamasi ya ajiye takardar a bakin tabarma. Ta karkaɗe hannu ta buɗe. Saki ɗaya. Shekara goma sha ɗaya da aure, 'ya'ya uku, auren so tun yana zuwa zance garinsu Birchi a kan keke.

"Malam, me na yi maka?"

"Ba ki yi mini komai ba, Zaituna. Yaya ne ya ce..."

Ga laifin nata. Mahaifinta ya rasu ya bar mata karsana a gado. Ta yi kiwo, ta juya, har ta haɗa bijimai biyu na huɗa. Damina shida suna huɗe gonar gandu, babu wanda ya taɓa ce mata sannu. Bana sai ta ce in an gama huɗar gida za ta ba da su haya, ta sa babbar 'yarta makaranta a Dutsin-Ma. Garba ya ce raini ne, mace ta yi iko da abin da ke turken gidansu. Ya ba ƙanensa zaɓi: ko matar, ko gonar. Gogan naku kuwa, namiji har da gemu, ya zaɓi gona yana hawaye.

"Gado, katifa, tukwane, kwashe abinki," Garba ya ce. "Akwai motar Birchi yanzu. Shanu kam na gandu ne."

"Yaya, ba inda za ni. A ɗakin miji ake yin idda, ci da sha a kansa. Tambayi liman."

"A gidan nan? Wace sakakkiya ce ta taɓa kwana a nan?"

"To, an fara daga kaina."

Ta zauna. Tunda rumbu a hannun Garba yake, shi ke auna mata hatsi, yana shafe bakin kwano da tafin hannu kada ƙwaya ɗaya ta wuce. Ya hana matan gida yi mata magana. Takan yi kukanta a ɗaki, ta wanke fuska ta fito ta ba shanunta ruwa. Badamasi kuwa, in ya ga wansa ya tafi kasuwa, sai ya lallaɓo ya ajiye sabulu da ƙunshin kifi a bakin ƙofarta ya gudu. Soyayyarsa ke nan – a ɓoye, kamar mai satar kaza.

Ana cikin wata na uku Garba ya kawo dillali, ya buɗe bakin bijiman yana duba haƙora. Ranar ce ƙanwarta Sakinatu, ɗaliba a Dutsin-Ma, ta zo gaishe ta.

"Yaya, sayarwa fa za su yi! Wannan ai kes ne. Ki kai su kotu, ba sai da lauya ba!"

"Uban 'ya'yana zan kai ƙara?"

"Ba shi ba – wancan mai ƙaton cikin!"

Zaituna ta kai ƙara, aka zauna a kotun shari'a a Dutsin-Ma. Garba ya zo da babbar riga ta sha guga. Alƙali ya tambaye shi shanun na wane ne.

"Na gandu ne, Allah ya gafarta Malam."

"Da kuɗin wa kuka saye su?"

"Ai ba maganar saye ba ce, maganar ci ce! Shekara shida suna cin harawarmu da dusarmu da kanwarmu. Abin da suka ci ya fi kuɗinsu. Sun zama namu!"

"Sun zama naku. Kafin su ci, na wane ne?"

Garba ya gyara hula. Alƙali ya juya ga Badamasi.

"Kai fa? Ka ji tsoron Allah ka gaya mini."

Badamasi ya dubi wansa, wansa ya zare masa ido. Ya dubi Zaituna, ita ko kallonsa ba ta yi ba. Ya miƙe.

"Nata ne. Gadon mahaifinta ne. Ko igiyar da ke wuyansu ita ta saya."

"Ɗan banza! Ni za ka tona wa asiri?"

"Nan kotu ce, ba zaurenka ba," in ji alƙali. "Kana neman kuɗin harawa, za a ba ka. Amma sai a lissafa huɗar damina shida a farashin da ake biya a Kurfi, a haɗa da takin da kuka kwashe daga turke kuka kai gona. Wanda aka biyo bashi ya biya. Ka amince?"

Garba manomi ne, ya san kuɗin huɗa sarai. Nan take zufa ta keto masa.

"Allah ya gafarta Malam... ai ana zumunci. Na yafe harawar."

Aka kwashe da dariya. Zaituna ta ce, "Ni ma na yafe huɗar, don 'ya'yana sun ci tuwon gonar. Shanuna ne ban yafe ba."

Alƙali ya yanke hukunci: a kwance mata bijimanta a ranar, kayan ɗakinta nata ne, abinci da sutura da makarantar yara suna kan ubansu kowane wata, kuma ya yi mata kyautar sallama daidai ƙarfinsa.

A bakin kotu Badamasi ya sha gabanta.

"Zaituna, na mayar da ke! Na mayar da ke ɗakinki!"

"Ka makara, Malam. Shekaranjiya iddata ta cika." Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba. "Wata uku ina zaune taku goma daga ɗakinka. Kalmar nan kaɗai nake jira, kai kana aiko mini kifi."

"Wallahi ina son ki."

"Na sani. Tsoron Yaya ne ya fi son yawa. In da gaske kake, ka san hanyar Birchi. Ka ga Kawu, ka kai sadaki sabo. Kuma ba zan sake zama a gidan da wani ke auna mini hatsi ba."

Ya ɗauke shi wata biyar. Ya tara dattawa aka fitar masa da rabonsa na gona, ya gina ɗaki biyu a bayan gari, sannan ya je ya durƙusa gaban kawunta. Aka sake ɗaura aure, haƙurinta ya biya ta. Garba bai je ba. Yana can yana neman wanda zai yi masa huɗa bashi, kowa na ce masa sai dai kuɗi hannu.

Yara, ku riƙe wannan. Dukiyar mace tata ce, aure ba ya mayar da ita ta dangin miji, saki kuma ba ya halatta ta. Haƙuri ba shi ne barin haƙƙi ba. Zaituna ta samu nata, amma a ƙauyukanmu, daga Shema zuwa Barkiya, mata nawa aka kora da ƙullin kaya a ka, awakinsu da kekunan ɗinkinsu na hannun 'yan'uwan miji? Duk mai irin wannan a gidansa ya san kansa. Ya kwance ya mayar wa mai shi yau, tun yana da ƙafar zuwa da kansa.