Tayil Mai Kaushi

"Ga amarya can ai! Shi da Oga Badru, kullum suna zuwa."

Madam Adaku ce ta faɗa da Hausarta ta kasuwa, tana nuna can ƙuryar shagonta, fuskar nan cike da fara'a. Baiwar Allah ba ta san wuƙa ta caka min ba.

Na juya a hankali...

Badruddeen ne. Badruddeen ɗina, wanda saura 'yan makonni a ɗaura mana aure! Durƙushe yake a ƙasa, ya naɗe hannun riga, yana tsiyaya ruwa daga buta a kan wani tayil. A gabansa kuwa Salma ce tsaye, 'yar kawunsa, ta tuɓe takalmi tana taka ruwan da ƙafarta da ta sha jan lalle, tana wata dariya ƙasa-ƙasa.

"Innalillahi..." Gwaggo Binta, ƙanwar babana, ta dafe ƙirji. "Madam, wa kika ce amarya?"

"Wancan yarinya mana, mai jan gyale. Shi ne ya zaɓi komai na kicin."

Wallahi ji na yi shagon yana juya min.

Bari in faɗa muku abin da ya sa maganar ta dake ni haka. Ƙafata ta hagu ta ɗan gaza ta dama, tun wani hatsarin babur da na yi ina ƙarama. Ɗingishi ne kaɗan, amma a Anguwan Rogo ya ishi a yi maka kwatance da shi. Da Badruddeen ya kai maganata gidansu a unguwar Ali Kazaure, cewa Hajiyarsa ta yi ita matar da za ta iya tsayuwa a kicin ta riƙe gida take so wa ɗanta, kuma kowa ya san Salma take nufi. Ya kafe, ya yi ta kai gwauro yana kai mari wajen kawunnansa, har ta amince. Da baki dai.

Shi kuwa tunda muke bai taɓa ambaton ƙafata ba, ko da wasa. Wani lokaci in ce tsabar so ne. Wani lokaci kuma zuciyata ta ce, Fiddausi, anya ba kunyarta yake ji ba?

Ranar ma ba nemansa muka fito ba. Kun san al'ada, gini na miji ne, kayan kicin na gidan amarya. Tun safe Gwaggo ke ja na a keke muna neman wanda zai haɗa mana kabad. Na kasuwar Katako ta ƙwanƙwasa katakonsa ta ce damina ɗaya ta Jos za ta kumbura shi kamar burodi. Wani kuma sai hotuna yake nuna mana a waya, ta ce masa ita ba hoto za ta jera wa 'yarta ba. A ƙarshe aka kwatanta mana shagon Madam Adaku a hanyar Bukuru, mai tayil da kabad duka.

Ashe rabon in ga wannan ne.

"Gwaggo, mu tafi."

"Mu tafi ina? Ai yau sai an yi ta!"

Muryar Gwaggo ba ta san sirri ba. Badruddeen ya ɗago, muka haɗa ido, butar ta suɓuce daga hannunsa.

"Fiddo!"

Na juya da sauri don kada ya ga hawayena. Ruwan butar ya riga ya malalo kan farin tayil mai sheƙi da aka shimfiɗa na gwaji, ni kuma idona ya rufe. Ƙafar hagun na ɗora...

Suuu! Sai ga ni a ƙasa.

A gaban Salma! Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na gode mata.

"Ayya, sannu," in ji Salma, tana gyara gyale. "Ki dinga bi a hankali mana, kin san ƙafar taki..."

"Salma!"

Ban taɓa jin Badruddeen ya yi tsawa ba sai ranar. Har masu sauke kwalaye a waje sai da suka leƙo. Ya durƙusa kusa da ni, yana son ɗaga ni yana tsoron idon Gwaggo. Ita ce ta kama ni ta zaunar a kujera.

"Kin ji ciwo? Hasken idona, yi min magana..."

"Kada ka ƙara kira na da wannan sunan. Ga amaryarka can."

"Wace amarya?"

"Tambayi Madam."

Madam Adaku ta dube ni, ta dubi Salma, ta dubi Badruddeen. Sai ta ɗora hannu biyu a ka.

"Chineke! Oga, ba wannan ne matarka ba? Wannan yarinya, shi ya gaya min! Jiya ya dawo shi kaɗai, ya ce a canja mai kaushi ɗin da ka zaɓa, a sa wannan fari mai santsi. Ya ce shi ne zai yi girki a ciki!"

Badruddeen ya juya ga Salma.

"Haka aka yi?" Badruddeen ya tambaya, muryarsa ta yi sanyi irin mai ban tsoro.

"Yaya Badar, ni fa taimako Hajiya ta ce in yi. Kuma wancan ai kamar na banɗaki yake, ko kyau babu. In baƙi suka..."

"Kin san dalilin da ya sa na zaɓe shi. Na gaya miki da bakina."

Salma ta kau da kai. Ta zura takalminta, ta figi jaka.

"Ki gaida gida," Gwaggo ta raka ta da murya. "Kuma a dinga bi a hankali, akwai santsi!"

Na so in yi dariya, amma zuciyata ba ta huce ba. Na dube shi.

"Me ya kawo ta tun farko?"

Ya sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da hannu a tukunya.

"Tsayinku ɗaya."

"Me?"

"Tsayinku ɗaya, Fiddo. Ina so a yi kantar girkin daidai ke, yadda ba sai kin yi ɗage ba, ba sai kin sunkuya ba. Babanki kuma tunda aka sa rana ya hana mu fita tare. Da na faɗa a gida, sai Hajiya ta ce ga Salma nan, in auna da ita..."

Gwaggo ta tafa hannu.

"Yau na ga wauta da rawani! Kai yanzu duk garin Jos ka rasa wadda za ka auna sai wadda ke neman kujerar? Ai ka ba kura ajiyar nama, ɗan nan!"

"Na yi kuskure, Gwaggo."

"Ba ka da waya ne?" na ce. "Ka tambaye ni mana!"

"In ce miki me?" Ya ɗago, idanunsa sun kaɗa. "In ce ina neman tayil ɗin da ba zai kayar da ke ba? Tsoro na ji. Kada ki ɗauka ni ma irin kallon da suke miki nake miki."

Tambayar da na daɗe ina haɗiyewa ta fito da kanta.

"Ashe kana ganin ƙafar?"

"Ina ganinta mana."

"To me ya sa ba ka taɓa..."

"Na san in sanyi ya sauko tana miki tsami, don ina ganin kina murza ta ta ƙarƙashin hijabi. Na san in zance ya yi tsawo kina jingina da bangon zaure, shi ya sa nake cewa na gaji mu zauna. Ni ba gajiya nake ba, Fiddo."

Hawaye suka ɓalle min.

"Da ita na fara ganinki, kina tsallaka kwata da ƙullin masa a hannu kina yi wa mai keke masifa. Da ita nake son ki. Ban taɓa fatan a ce wata ƙafar ce ba, wallahi."

Kuka nake, dariya nake, ni kaina ban san wanne ya fi yawa ba. Daɗi ne ya cika ni har wuya. Madam Adaku ma na ga tana goge ido da gefen zani.

"To ya isa," in ji Gwaggo. "Soyayyar a bari sai an shafa fatiha. Tunda ga mai kicin da kanta, ga ni kuma a tsakani, sai a yi abin da ya kawo mu. Madam, kawo butar nan!"

Na tuɓe takalmina.

Aka jera min tayil kala-kala a ƙasa, Badruddeen na zuba ruwa ina takawa. Wani ya ja ni, wani ya kankare min tafin ƙafa kamar dutsen goge kaushi. Da na zo kan wani mai launin soyayyiyar gyaɗa, sai na ji ya riƙe ni cak. Na taka da hagu, na juya, na sake takawa.

"Wannan."

"Shi na zaɓa tun farko!" Ya washe baki kamar an ba shi kujerar Makka.

"Kada kanka ya kumbura, malam. Bango kuma fari mai sheƙi nake so, don in manja ya fantsama in share da tsumma."

"An gama, ranki ya daɗe."

"Kuma ban son tudu a bakin ƙofa. Ƙasan kicin ya zo daidai da na tsakar gida."

"An gama."

"A ɗan karkata shi wajen magudana, kada ruwa ya kwanta."

"An gama, zumata."

Gwaggo ta yi gyaran murya, ya shiga taitayinsa.

Ita kuma ta koma kan kabad. Ta buɗe, ta rufe, ta ƙwanƙwasa, ta leƙa bayansa, har shinshinawa sai da ta yi. Madam ta nuna mata wanda aka ɗora a kan ƙafafun ƙarfe, ta ce ko an wanke ƙasa ruwa ba zai taɓa katakon ba. Ta ce kuma ba za ta turo masu awo ba sai an gama sa tayil, don kada a haɗa kabad ya zo ya ƙi zama.

"Kin ji mai gaskiya," in ji Gwaggo. "Ke za ki yi mana. Amma a bar min kusurwa guda da siminti zalla."

"Siminti a sabon kicin, Mama?"

"A ina za ta ajiye turmi? Ko so kike ta yi dakan farko ta fasa tayil ɗin miji?"

Madam ta ƙyalƙyale da dariya har tana dukan kantar shagon. Ni kuma na ce a bar min fili a ƙarƙashin wurin wanke-wanke, inda zan tura kujera mai tsayi, in na gaji in zauna in ci gaba da aikina. Karo na farko ke nan da na faɗi irin wannan a gabansa ban ji kunya ba.

Aka sha biki, aka yi jere, aka kai ni.

Ranar da na fara girki, gwaten acca na ɗora, na ce in an sauke a kai wa Hajiya. Ina cikin yanka yakuwa na ji sallama a bayana.

Ita ce da kanta, tsaye a ƙofar kicin!

Na rikice, gwiwar hannuna ta ture kwanon ruwa ya malale a ƙasa. Shi ke nan, na ce a raina, ta samu abin faɗa. Na daure na ratsa ta cikin ruwan na jawo mata kujera, na durƙusa na gaishe ta. Ina jin idonta a kan ƙafata.

Ba ta zauna ba. Ta tuɓe silifas, ta shigo, ta murza tafin ƙafarta a kan jiƙaƙƙen tayil ɗin. Ta sake murzawa.

"Ba ya ja," ta ce, kamar da kanta take.

"Ba ya ja, Hajiya."

Ta matso kusa da ni. Sai ta rage murya.

"Da daminar nan sau nawa ina faɗuwa a nawa kicin ɗin. Gwiwar nan ta dama har yau ba ta koma daidai ba. Ban gaya wa kowa ba, kada a ce na tsufa."

"Subhanallahi! Sannu, Hajiya..."

"Ashe ni da ke jirgi ɗaya ya kwaso mu." Ta ɗaga murfin tukunya, ƙamshi ya bugo ta, na ga ta haɗiye murmushi. "Gobe ki shirya ki raka ni wajen matar nan mai tayil. Ke za ki zaɓa min, 'yata. Yanzu zubo min gwaten nan, a nan zan sha."

'Yata!

Ta kama hannuna muka nufi falo, ita tana ɗingisa dama, ni ina ɗingisa hagu. Badruddeen na biye da mu da tire, bakinsa ya ƙi rufuwa.